Adoor Gopalakrishnan, Ba'indiyen Da Ya Ƙi Sa Rawa Da Waƙa A Fim

Duk wanda ya taɓa shiga layin yankar tikiti a ƙofar silimar Plaza ko El Dorado a Kano, ko kuwa wata silima a Kaduna ko Jos ko Sakkwato, ba sai an gaya masa abin da ake nufi da fim ɗin Indiya ba. Saurayi talaka ne, budurwa 'yar masu hali, ga uba mai taurin kai, ga kuma wani mugu da yaransa. A yi waƙa a kan tsauni, a sake wata cikin ruwan sama, a ba hammata iska, a rabu, a sadu, sa'a uku cur, kowa ya koma gida yana rera waƙar da bai san ma'anarta ba. Da irin wannan muka saba tun zamanin su Nargis da Raj Kapoor har zuwa kan su Dharmendra da Amitabh Bachchan, har da yawa daga cikinmu suka ɗauka duk Indiya haka take.

To, ba haka abin yake ba. Waɗannan finafinai na birnin Bombai ne, wanda yanzu ake kira Mumbai, da harshen Hindi kuma ake yin su. Indiya kuwa ƙasa ce mai harsuna barjat, kusan kowane babban harshe yana da nasa masu shirya fim da nasa 'yan kallo. Can ƙuryar kudu maso yamma, tsakanin duwatsu da teku, akwai wata siririyar jiha mai yawan ruwan sama da itatuwan kwakwa da gonakin shinkafa, sunanta Kerala, harshenta kuwa Malayalam. A ƙidayar 2011 mutanenta sun haura miliyan 33, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu Musulmi ne, akwai Kiristoci masu yawa, mafi rinjaye kuma mabiya addinin Hindu ne. A wannan ƙidaya babu jihar da ta kai ta yawan masu iya karatu da rubutu a duk Indiya. Masu karatunmu da suka yi sakandare wajen shekarun 1970 zuwa 1980 za su tuna da malaman lissafi da na kimiyya Indiyawa da suka cika makarantunmu. Da yawa daga cikinsu mutanen Kerala ne.

Wannan jiha ce ta haifi Adoor Gopalakrishnan, darektan da ya yi manyan finafinai 12 kacal tsakanin 1972 da 2016, bai kuwa yarda ya tsai da labari don saurayi da budurwa su zagaya itace suna waƙa ba.

Ɗan gidan masu ƙasa

An haife shi ran 3 ga watan Yuli, 1941, a wani ƙauye kusa da garin Adoor, cikin masarautar Travancore, tun Turawan Ingila ba su bar Indiya ba. Sunan garin ne ya bi shi, kamar yadda mu ma mukan ce wane Kano ko wane Gusau. Gidansu na masu gonaki ne tun kaka da kakanni, kuma sun shahara da ɗaukar nauyin wani wasan gargajiya da ake kira Kathakali. Shi wannan wasa kwana ake yi ana yin sa a gaban babbar fitilar mai. 'Yan wasan sukan shafe fuska da launi, su sa manyan tufafi da kambi, ba su cewa uffan. Da yatsun hannu da ƙwayar ido da motsin gira suke ba da labarin jaruman addinin Hindu, mawaƙa da makaɗa suna tsaye bayansu. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya ƙi rawa a fim, cikin rawa ya buɗe ido. Ba rawar ce yake ƙi ba, don daga baya ya ɗauki finafinan ilmantarwa masu yawa a kan Kathakali da manyan gwanayensa. Cusa ta inda labari bai neme ta ba, shi ne abin da bai yarda da shi ba.

Tun yana ɗan shekara takwas ya fara hawa dandalin wasan kwaikwayo, da ya girma kuma ya rubuta wasanni da dama ya shirya su da kansa. Ya yi karatun tattalin arziki da sha'anin mulki a makarantar Gandhigram da ke ƙasar Tamil, wadda aka gina bisa koyarwar Mahatma Gandhi ta sauƙin rayuwa da aikin hannu. Da ya gama ya sami aikin gwamnati a ma'aikatar tattara alƙaluma, yana bin ƙauyuka yana cika takardu. Aiki ne mai albashi da fansho, irin wanda iyaye ke yi wa 'ya'yansu addu'ar samu. Cikin 1962 ya ajiye shi, ya tafi garin Pune, inda gwamnatin Indiya ta buɗe makarantar koyon aikin fim ba da jimawa ba. A zatonsa rubutun fim ɗan'uwan rubutun wasan kwaikwayo ne, zai ƙaro ilmi ya komo dandali. A can ne ya zauna ya kalli finafinan Italiya da Faransa da Japan da Rasha, da na Satyajit Ray na Bengal, ya kuma saurari Ritwik Ghatak, wani gwanin darekta da ya koyar a makarantar. Ya fito a 1965 da takardar shaida.

Sai da ya shuka 'yan kallo

Da ya komo gida sai ya tarar babu mai bukatarsa. Finafinan Malayalam na lokacin yawancinsu a cikin ɗakunan ɗaukar hoto na birnin Madras ake yin su, da fentin bango da doguwar magana da waƙoƙi shida ko bakwai. Masu zuba kuɗi sun san abin da ke kawo riba, ba su ga dalilin ba wani yaro ɗan makaranta dukiyarsu ya yi gwaji da ita ba.

A nan ne ya yi wata dabara wadda a ganinmu ta fi kowace lambar girma da ya samu daga baya muhimmanci. Ya lura cewa ko da ya sami kuɗi ya yi irin fim ɗin da yake so, babu wanda zai kalla, domin ido bai saba ba. Saboda haka a cikin 1965 shi da abokansa, musamman Kulathoor Bhaskaran Nair, suka kafa wata ƙungiyar masu kallon fim a birnin Trivandrum, suka sa mata suna Chitralekha. Ita ce irinta ta farko a Kerala. Sukan aro finafinan ƙasashen waje, yawanci daga ofisoshin jakadanci da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa, su nuna wa membobi, su buga 'yan takardu na bayani, bayan an gama kallo a zauna a yi ta muhawara. Abu kamar wasa sai ya yaɗu zuwa garuruwa da ƙananan ƙauyuka, har ƙungiyoyi irin wannan suka wuce 100 a jihar. Malamin firamare da akawu da ɗan ƙwadago suka san sunayen daraktocin Hangare da Poland kamar yadda muka san na 'yan ƙwallo.

Bayan wannan suka kafa ƙungiyar gama-kai mai suna iri ɗaya, watau irin ta manoma da muka sani, amma ita tata sana'ar shirya fim ce da rarraba shi. Suka riƙa karɓar ƙananan ayyuka na finafinan wayar da kai, irin waɗanda majigi ke yawo da su, suna tara 'yan kuɗi suna sayen kayan aiki. Shekara bakwai Adoor ya yi a haka kafin ya ɗauki babban fim nasa na farko.

Zaɓin kai

Sunan fim ɗin Swayamvaram, watau zaɓin da mutum ya yi wa kansa, ya fito a watan Nuwamba na 1972. Rupi 250,000 aka kashe, daga ciki 150,000 rance ne daga hukumar gwamnati mai ba masu fim bashi. Labarin ya fara ne daidai inda finafinan Bombai ke ƙarewa. Saurayi Vishwam da budurwa Sita sun riga sun gudu daga gida, suna cikin bas za su birni, ba a ma nuna mana iyayen da suka guje wa ba. Suka sauka babban otal, kuɗi ya ja baya suka koma ƙarami, daga nan sai wata 'yar bukka ta haya a unguwar talakawa, maƙwabtansu wata tsohuwa mai sayar da shinkafa, da wata karuwa, da wani ɗan fasa-ƙwauri. Vishwam yana so ya zama marubuci, aka ƙi buga littafinsa. Ya sami koyarwa a wata makarantar kuɗi, ta durƙushe. Ya koma akawu a wurin masu katako. Zazzaɓi ya kama shi, babu kuɗin magani, ya mutu ya bar Sita da jaririya. Fim ya ƙare tana zaune cikin dare tana duban ƙofa a rufe, ba a gaya mana abin da za ta yi ba.

Madhu da Sharada ne suka fito a ciki, dukansu sanannun taurari. Amma an ɗauke shi a kan titi da bakin teku da cikin gidajen mutane, an kuma kama sauti a wurin da aka ɗauki hoton, abin da ba a saba yi ba a lokacin. 'Yan kallo suka shiga suna jiran waƙa, shiru. Cikin 'yan kwanaki masu gidajen silima suka sauke shi. Da a ce nan maganar ta tsaya, da ƙungiyar ta nutse cikin bashi, da wataƙila ba mu ji sunan Adoor ba. Sai ga sanarwa daga Delhi a 1973: fim ɗin ya ci lambar ƙasa ta fim mafi kyau, Adoor ya ci ta darekta, Sharada ta ci ta 'yar wasa, Mankada Ravi Varma kuma ya ci ta mai ɗaukar hoto. Aka sake sa shi a silima, waɗanda suka ƙi shi jiya suka yi layi, aka biya bashi har da saura.

Da wannan saura aka yi na biyu, Kodiyettam, wanda aka gama a 1977. Labarin wani gwauro ne mai suna Shankarankutty, ya wuce shekara 30 amma hankalinsa na yara, ba ya aikin fari balle na baƙi, sai bin bukukuwan gidajen ibada da cin abinci a gidajen mutane, ƙanwarsa da ke aikatau a birni ita ke aiko masa da kuɗi. Aka yi masa aure ko zai natsu, matar ta gaji ta koma gidansu da ciki. Sai da ya zama yaron mota a bayan wani direban babbar mota, ya sha wuya a hanya, ya ga yadda rayuwar wasu ke rushewa, sa'an nan ya fara zama mutum. Akwai wurin da mota ta wuce a guje ta watsa masa taɓo a fararen tufafinsa yana tare da amaryarsa. Ita ranta ya ɓaci, shi kuwa gogan ya bi motar da kallo yana sha'awar gudunta. Babu kiɗan rakiya ko kaɗan a wannan fim, sai gangunan biki da kukan tsuntsaye da ƙugin inji. Gopi, wanda ya fito a matsayin gwauron, ba kyakkyawa ba ne irin na Bombai, ga sanƙo, amma ya ci lambar ƙasa ta ɗan wasa mafi gwaninta. Talakawa kuma suka so fim ɗin, don kowane ƙauye yana da nasa Shankarankutty.

Tarkon ɓera

Kafin a fahimci fim na uku sai an san abin da ya faru da ƙasar noma a Kerala. A 1957 mutanen jihar suka zaɓi gwamnatin 'yan gurguzu ta hanyar ƙuri'a, abin da ya ba duniya mamaki. Aka daɗe ana ja-in-ja a kan dokar gonaki, har ran 1 ga Janairu, 1970, dokar da ta mallaka wa manoma 'yan haya gonakin da suke nomawa ta fara aiki. Manyan gidaje da suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin gumin wasu suka wayi gari sai tsohon gini da suna. Bugu da ƙari, a irin waɗannan gidaje gado ta wajen uwa yake bi, dangi duka suna zaune gida ɗaya ƙarƙashin babban namiji, wannan tsari ma doka ta rushe shi a 1975. Adoor ɗan irin wannan gida ne, ya ga abin da idonsa.

Elippathayam, watau tarkon ɓera, na 1981, shi ne fim nasa na farko mai launi. Unni, magajin wani tsohon gida, yana zaune kan kujerar hutawa daga safe har dare, yana yanke farce, yana shafa mai, yana karanta jarida. Ko saniya ce ta shigo tana cin shukarsa ba zai tashi ba, sai ya ƙwala wa ƙanwarsa kira. 'Yan'uwansa mata uku ne. Babbar ta yi aure, tana zuwa neman rabonta na gado. Ƙaramar 'yar makaranta ce, wata rana ta gudu ba a ƙara ganinta ba. Ta tsakiya, Rajamma, ita ce baiwar gidan: ita ke dafa masa ruwan wanka, ita ke girki, duk mai neman aurenta Unni ya kore shi da dabara don kada ya rasa mai yi masa hidima, har ciwo ya kwantar da ita maƙwabta suka ɗauke ta a kan kujera suka fita da ita. Sau da yawa a cikin fim ɗin ana nuna ƙaramar ta ɗauki tarko da ɓera a ciki, ta bi wata siririyar hanya zuwa kududdufi ta nutsar da shi. A ƙarshe Unni ya kulle kansa cikin ɗaki shi kaɗai, mutane suka fasa ƙofa suka ɗauko shi, suka bi wannan hanya da shi, suka jefa shi a ruwan. Ya taso jiƙe sharkaf yana makyarkyata, ya haɗa hannuwa kamar ɓeran.

Ba a yi masa mugun fuska ba, ba ya duka, ba ya zagi. Lalaci ne kawai da son kai, da tsoron duk abin da ke wajen ƙofar gida, amma sun isa su kashe mace. Cibiyar finafinai ta Ingila ta ba wannan fim kofin Sutherland a Landan a 1982, kofin da Satyajit Ray ya taɓa ci kafinsa.

A wannan lokaci Adoor ya riga ya rabu da ƙungiyar Chitralekha bayan saɓani ya shiga tsakaninsu. Wanda ya ɗauki nauyin Elippathayam da wasu uku bayansa wani attajiri ne na garin Kollam, K. Ravindranathan Nair, mai fataucin 'ya'yan yazawa zuwa ƙasashen waje, wanda kuma ya ɗauki nauyin finafinan G. Aravindan, wani gwanin na Kerala. Ya kamata a faɗi wannan, domin tun da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano wajen 1990 ake ta gardama a kan rawa da waƙa, masu shiryawa suna cewa in babu su 'yan kasuwa ba za su karɓa ba. Gaskiya suka faɗa, haka 'yan kasuwar Madras ma suka ce. Abin da ya fid da Adoor daga hannunsu abu uku ne: 'yan kallon da ya yi shekaru yana renonsu, da rancen gwamnati, da mai kuɗin da ya yarda ya jira. Taurin kai shi kaɗai da bai kai shi ko'ina ba.

Ya taɓo 'yan gurguzu

A 1984 ya fito da Mukhamukham, watau fuska da fuska, ya kuwa taɓo gidan rina. Sreedharan shugaban 'yan ƙwadago ne a wata masana'antar tayil ɗin rufin ɗaki, mabiyansa suna ganinsa kamar waliyyi. Aka kashe mai masana'antar, ya shiga ɓuya. Bayan shekara goma ya komo, ya tarar jam'iyyar gurguzu ta rabe biyu, kamar yadda ta rabe da gaske a 1964, kowane ɓangare yana jira ya buɗe baki ya ce su ne a kan gaskiya. Shi kuwa ya komo mashayi, ba ya magana, inda duk ya zauna sai barci. Ya zama abin kunya ga kowa. Wata rana aka tsinci gawarsa, nan da nan ɓangarorin biyu suka wanke hotonsa suka ɗaga suna maci da shi. A jihar da gurguzu ke da ƙarfi kamar Kerala, wannan ba ƙaramar tsokana ba ce, marubutan jam'iyya suka yi masa ca a jaridu wata da watanni. Mu dai abin da muka gani a ciki ya wuce gurguzu: mabiya sun fi son gwarzonsu a mace, don matacce ba ya ba da kunya.

Katanga

Wanda zai fi shiga ran mai karatu, a zatonmu, shi ne Mathilukal na 1990, watau katangu. An ɗauko shi daga wani ɗan littafi na Vaikom Muhammad Basheer, Musulmi, ɗaya daga cikin manyan marubutan Malayalam, wanda ya rayu daga 1908 zuwa 1994, aka kuma ɗaure shi a zamanin neman 'yancin kai saboda rubuce-rubucensa. Basheer yana kurkukun Trivandrum, aka saki sauran fursunonin siyasa aka bar shi shi kaɗai, yana dasa furanni don kashe lokaci. Ran nan sai ya ji muryar mace daga bayan doguwar katangar da ta raba sashen maza da na mata. Sunanta Narayani. Suka riƙa hira ta bayan katanga, in ta iso sai ta jefa busasshen reshe sama ya gani. Suka shirya za su yi ƙaryar ciwo su haɗu a asibitin kurkuku ran kaza. Kafin ranar ta zo sai ga takardar sakinsa. Aka fito da shi yana jayayya, ƙofa ta rufe a bayansa, reshe kuwa yana ta tashi sama yana faɗowa a can ciki.

Daga farkon fim har ƙarshe ba a nuna fuskar Narayani ba ko sau ɗaya, muryar K. P. A. C. Lalitha kaɗai ake ji. A ce fim ɗin soyayya na Indiya babu ko fuskar budurwa! Mammootty, wanda sunansa na yanka Muhammad Kutty, babban tauraron Kerala, shi ya fito a matsayin Basheer, ya kuma ci lambar ƙasa. Fim ɗin ya sami lambar ƙungiyar masu sharhin fim ta duniya a bikin Venice na Italiya.

Mammootty ya sake fitowa a Vidheyan na 1993, amma wannan karo a matsayin azzalumin mai ƙasa, Bhaskara Patelar, wanda ya mai da wani baƙo matalauci mai suna Thommy baransa, ya wulaƙanta shi, ya keta haddin matarsa. Abin da ke tada hankali shi ne yadda Thommy ya saba da ƙasƙancin, har yana jin daɗin ƙamshin turaren maigida a jikin matar tasa. Da aka harbe azzalumin a daji, sai da baran ya yi kuka kafin ya tuna ya 'yantu. Paul Zacharia, marubucin labarin, bai ji daɗin yadda aka juya shi ba, suka yi musayar magana a jaridu.

Sauran za mu bi su da sauri. Anantaram na 1987 wani saurayi ne mai taɓin hankali ke ba da labarin kansa sau biyu, kowanne daban. Kathapurushan na 1995, wanda gidan talabijin na Japan ya sa hannu a ciki, ya bi rayuwar wani yaro mai in'ina tare da tarihin Kerala, ya kuma ci lambar fim mafi kyau na ƙasa. Nizhalkuthu na 2002 hauni ne na Sarkin Travancore, wanda ya san ya taɓa rataye marar laifi. A cikinsa ne aka nuna wata al'ada ta fada mai ban tsoro: akan aiko da takardar afuwa, amma a tabbata ba ta iso ba sai an gama ratayewa, don alhaki ya sauka daga wuyan sarki ya hau na hauni. Biyu da suka biyo baya, a 2007 da 2008, daga gajerun labaran Thakazhi Sivasankara Pillai aka ɗauko su, sai Pinneyum a 2016.

Yabo da ƙura

Shi ke rubuta finafinansa da kansa, yakan yi shekara uku ko biyar, wani lokaci har fiye, tsakanin wani da wani. An san shi da ƙin ba 'yan wasa cikakken labari su karanta, sai abin da za su yi a ranar, don kada kowa ya zo da tasa fassarar. Mankada Ravi Varma ne ya riƙe masa kyamara tun daga fim na farko har shekara 30, sai da ciwo ya kayar da shi ana cikin aikin Nizhalkuthu. Sau biyar Adoor yana cin lambar darekta mafi gwaninta na Indiya. An ba shi lambar Dadasaheb Phalke ta shekarar 2004, wadda babu ta sama da ita a sha'anin fim a ƙasar, sa'an nan Padma Vibhushan a 2006.

Duk da haka ba kowa ke yabonsa ba, ko a gida. Masu barkwanci a Kerala sun daɗe suna kwaikwayon finafinansa, mutum ya yi minti biyar yana tafiya ba ya ce komai. A da masu silima kan ajiye irinsu sai nunin tsakar rana, lokacin da babu ciniki. Mu ma ba za mu ɓoye ba, wanda ya saba da na Bombai zai yi hamma a rabin sa'ar farko, kuma na bayan nan ba su kai na tsakiya ƙarfi ba.

Bakinsa ma ya sha jawo masa magana. A watan Yuli na 2019 yana cikin sanannun mutane 49 da suka rubuta wa Firayim Minista Narendra Modi wasiƙa a kan yadda gungun mutane ke kashe Musulmi da 'yan Dalit, watau waɗanda tsarin asali na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa. Wani ɗan jam'iyya mai mulki a Kerala ya ce in ba ya son abin da yake ji ya ƙaura zuwa duniyar wata, aka kuma shigar da ƙararsu a jihar Bihar bisa zargin cin amanar ƙasa, daga baya 'yan sanda suka rufe maganar. A wannan karo matasa sun tsaya masa.

Bayan shekara uku sai ga shi su ne a gabansa. A watan Disamba na 2022 ɗaliban makarantar koyon fim ta K. R. Narayanan da ke gundumar Kottayam suka shiga yajin karatu, suna zargin shugaban makarantar da nuna bambancin asali ga ɗalibai da masu shara. Adoor shi ne shugaban hukumar makarantar, ya fito ya kare mutumin, ya ce sharri ake yi masa, ya kuma yi wa masu ƙorafin magana mai zafi. Waɗanda suka girma suna kallon Elippathayam da Vidheyan suka riƙa tambaya yaya wanda ya nuna wa duniya halin Rajamma da Thommy zai kasa sauraron masu shara. Shugaban makarantar ya sauka a watan Janairu na 2023, ran 31 ga wannan wata kuma Adoor ya miƙa tasa takardar murabus, yana nan a kan bakansa cewa an zalunci abokin aikinsa.